L. S. Lowry: Mai karɓar kuɗin haya da ya adana masaƙun Ingila cikin zane

A taskar gidan zane-zane na Tate da ke birnin Landan akwai wani zane mai faɗin kimanin mita ɗaya da rabi, wanda aka kammala a shekarar 1955. Gari ne na masana'antu aka shimfiɗa a cikinsa: dogayen bututun hayaƙi sun yi cirko-cirko har iyakar gani, masaƙu da gadoji sun cika tsakiya, daga ƙasa kuma ga wani ɗan titi da mutane ke kai-komo a kansa tamkar tururuwa. Sunan zanen Industrial Landscape, ma'ana shimfiɗar garin masana'antu. Wanda ya zana shi, Laurence Stephen Lowry, ya shafe shekara 42 yana aiki a wani kamfanin gidaje, yana bin ƙofa-ƙofa karɓar kuɗin haya da riƙe littafin lissafi, zane kuwa sai da dare bayan ya tashi daga aiki.

A yau ana lissafa Lowry cikin fitattun masu zanen Birtaniya na ƙarni na 20. Tarihinsa ya shafi mai karatu a Najeriya ta wata fuska da ba kowa ke lura da ita ba. Masaƙun da ya ƙarar da rayuwarsa yana zanawa su ne irin waɗanda aka riƙa kai wa audugar Arewa a zamanin mulkin mallaka, kuma durƙushewar da ya gani da idonsa a garinsu ita ce ta zo ta sami Kaduna da Kano bayan shekaru.

Asali da ƙuruciya

An haifi Lowry ranar 1 ga Nuwamba, 1887, a Stretford da ke gefen birnin Manchester, a arewa maso yammacin Ingila. Shi kaɗai iyayensa suka haifa. Mahaifinsa, Robert, akawu ne a wani kamfanin dillancin gidaje, mutum mai shiru-shiru. Mahaifiyarsa, Elizabeth, gwanar kiɗan piyano ce wadda ta so ta yi suna a wannan fage amma rashin lafiya da yanayin rayuwa suka hana ta. Mace ce mai son a san ta da rufin asiri da matsayi, mai wuyar gamsuwa, kuma marubuta tarihin ɗan nata sun yi ittifaƙi cewa ba ta taɓa nuna masa jin daɗin zanensa ba har ta bar duniya.

Ya tashi a unguwar Victoria Park, wurin masu hali, mai itatuwa da manyan gidaje. Bai yi fice a makaranta ba, don haka yana ɗan shekara 16 ya kama aikin akawu. A 1909 kuɗi suka yi wa iyalin ƙaranci, dole suka tattara suka koma Pendlebury, unguwar ma'aikatan masaƙa da masu haƙar kwal a kusa da Salford. Ga mahaifiyarsa wannan faɗuwa ce daga sama. Shi ma Lowry da farko ya tsani wurin, da ƙurarsa da hayaƙinsa da jerin gidajen bulo masu kama da juna. Sannu a hankali ya saba, daga sabo ya koma sha'awa, har wurin ya zame masa abin da ya shagaltar da shi tsawon rai.

A wancan lokaci gundumar Lancashire, inda Manchester da Salford suke, ita ce cibiyar kaɗi da saƙar auduga ta duniya. A 1912 masaƙun Birtaniya sun kai ƙololuwarsu, inda suka saƙa yadi kusan biliyan 8 a shekara guda, akasari don sayarwa a Indiya da Afirka da sauran ƙasashe. Ƙasar ba ta noma ko ƙwaya ɗaya ta auduga. Daga Amurka da Masar da Indiya ake shigo da ita, daga baya kuma aka ƙara da yankunan da Turawa suka mallaka a Afirka.

Aikin rana da aikin dare

A 1910 Lowry ya sami aiki a kamfanin gidaje na Pall Mall da ke Manchester a matsayin mai karɓar kuɗin haya kuma akawu. Bai bar kamfanin ba sai a 1952, lokacin da ya cika shekara 65 ya yi ritaya. Aikin ya sa ya tattake lungu da saƙo na unguwannin talakawa da ƙafa, mako bayan mako. Ya ga matan da ke tsaye bakin ƙofa ba su da abin biya, ya ga kayan ɗaki da aka fitar kan titi, ya ga yara suna wasa a kango, ya ga cincirindon jama'a a wurin hatsari ko jana'iza. Yakan tsaya ya zana abin da ya gani da fensir a bayan ambulan ko wata 'yar takarda, ya jefa aljihu ya wuce.

Masu sukarsa sun daɗe suna kiransa ɗan koyon-kai wanda bai san ƙa'idar zane ba. Tarihi bai goyi bayansu ba. Daga 1905 ya fara halartar ajin yamma a makarantar koyon zane ta Manchester, inda ya yi karatu a hannun Adolphe Valette, wani Bafaranshe da ya kawo wa ɗalibansa salon masu zanen Paris na kama haske da yanayin gari, kuma shi kansa ya zana titunan Manchester cikin hazo da hayaƙi. Daga 1915 zuwa 1925 Lowry ya ci gaba da karatu a makarantar fasaha ta Salford. Kimanin shekara 20 ke nan yana zuwa aji bayan aiki. Zane-zanen jikin mutum da ya yi a lokacin ɗalibta suna nan a adane, kuma suna nuna hannun da ya ƙware. Sauƙin da ake gani a ayyukansa na baya zaɓi ne na wanda ya iya mai wuyar.

Duk da haka ya ɓoye aikinsa na ofis ga duniyar masu zane, saboda gudun kada a ɗauke shi mai zanen ranar hutu kawai. Jama'a da yawa ba su san cewa mai karɓar haya ba ne sai bayan rasuwarsa.

Ranar da jirgi ya wuce shi

Lowry da kansa ya sha ba da labarin abin da ya karkata shi ga masana'antu. Wata rana a 1916 jirgin ƙasa ya wuce shi a tashar Pendlebury. Da ya hauro matakalar tashar cikin ɓacin rai, sai idonsa ya faɗa kan masaƙar kamfanin Acme, wani makeken gini mai kusurwa huɗu da tagoginsa jere-jere suna haske a ƙarƙashin sararin samaniya mai danshi, ma'aikata kuma suna ɓulɓulowa daga ƙofa bayan tashi. Ya wuce wurin sau ba adadi, amma a ranar ne ya gan shi a matsayin abin da ya cancanci a zana.

A wancan zamani manyan masu zanen Ingila sun fi karkata ga ƙauyuka masu korayen filaye, da gaɓar teku, da fuskokin attajirai. Garin masana'anta kuwa ana yi masa kallon wurin neman kuɗi mai muni, wanda duk mai hali ke gudu da zarar ya samu dama. Lowry ya ɗaura niyyar sanya wannan gari a cikin tarihin zane, kuma bai sauka daga kan niyyar ba duk da cewa ya yi shekaru kusan babu mai sayen aikinsa. A baje kolinsa na farko a Manchester a 1921, wanda ya yi tare da wasu masu zane biyu, ko zane ɗaya bai sayar ba.

Wani malaminsa a Salford, Bernard Taylor, wanda ke rubuta sharhin zane a jaridar Manchester Guardian, ya lura cewa zane-zanen Lowry na farko sun yi duhu da yawa, har mutane na nutsewa cikin bango. Lowry bai ji daɗin maganar ba, amma ya gwada ɗora mutanensa a kan farin fage, sai ga su sun fito fili. Daga nan ya riƙe wannan hanya. Launi biyar kacal yake amfani da su: fari, baƙi, ja, shuɗi mai duhu da rawaya mai kama da ƙasa. Ya kuma gano cewa farin fentin da yake shafawa yakan rine da shekaru ya koma ruwan madara, launin da ya yi daidai da sararin garin da hayaƙi ya lulluɓe.

Mutanen da ke cikin zanensa sirara ne, masu manyan takalma da huluna, sun ɗan ranƙwafa gaba kamar masu sauri ko masu ɗauke da nauyi. Turawa sun yi musu laƙabi da mutanen tsinken ashana. Galibi ba su da inuwa, kuma da wuya a ga rana ko gajimare a samansu. Zanensa na 1930 mai suna Coming from the Mill, wato tashi daga masaƙa, shi ne cikakken misalin wannan salo kafin yaƙi.

Shekarun jinya da na yaƙi

Mahaifinsa ya rasu a 1932, ya bar bashin da ɗan ya biya. Mahaifiyar ta kwanta ciwo, ba ta ƙara tashi daga gado ba har shekara bakwai, kuma ba ta yarda kowa ya yi jinyarta sai shi. Da rana yana ofis, da yamma yana hidimarta, sai ta yi barci sannan ya hau ɗakin sama ya kama zane daga wajen ƙarfe goma na dare zuwa biyu. A waɗannan shekaru ya zana wasu fuskoki masu jajayen idanu da kangwaye marasa kowa, waɗanda masana ke ɗauka madubin halin da yake ciki ne.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. A 1938 wani dillalin zane na Landan, A. J. McNeill Reid, ya ci karo da ayyukansa a shagon masu sanya wa zane firam, ya nemi sanin mai su. A farkon 1939 aka yi masa baje koli na kansa a gidan Lefevre da ke Landan, an sayi zane-zane da dama, har gidan Tate ya ɗauki ɗaya. Lowry na da shekara 51 a lokacin. A watan Oktoba na wannan shekara mahaifiyarsa ta rasu, ba tare da ta ga darajar abin da ɗanta ke yi ba. Wannan rashi ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin gadin gobara a kan rufin gine-ginen Manchester, birnin da jiragen Jamus suka yi wa luguden bama-bamai a Disamba 1940. A 1943 gwamnati ta sa shi cikin masu zana al'amuran yaƙi, inda ya zana ma'aikata suna tururuwa zuwa masana'antar injuna ta Mather and Platt. A 1948 ya bar Pendlebury ya koma ƙauyen Mottram in Longdendale, gidan da ya zauna shi kaɗai har ƙarshen ransa.

Yadda ake kallon zanen 1955

Manyan zane-zanensa na masana'antu sun zo ne bayan yaƙi, musamman The Pond na 1950, mai tafki a tsakiyar gari, da Industrial Landscape na 1955. Na biyun ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin a cikinsa ne duk abin da ya koya ya haɗu.

Abu na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne matsayin da aka ajiye shi. Kamar yana tsaye ne a kan wani tsauni ko doguwar hasumiya yana leƙen garin daga sama, alhali babu irin wannan wuri a zahiri. Garin ma kansa babu shi a taswira. Lowry ya tattaro gine-gine daga wurare daban-daban da ya sani ya harhaɗa su yadda zanen ke bukata. Wanda ya san yankin zai gane doguwar gadar jirgin ƙasa ta Stockport a can sama ta hannun hagu, gadar bulo mai bakuna da yawa da aka kammala a 1840, wadda ya sha maimaitawa a ayyukansa. Sauran kuwa abin da ƙwaƙwalwarsa ta tara ne cikin shekara arba'in na yawon karɓar haya. A nan zanen zamani ya bambanta da hoton kyamara: kyamara na ɗaukar wuri guda a lokaci guda, shi kuwa wannan ya ɗauki yanki sukutum da tsawon zamaninsa ya dunƙule a fage ɗaya.

Abu na biyu shi ne hanyar da ido ke bi. Ɗan titin da ke ƙasa, mai gidaje a gefe da gefe, shi ne ƙofar shiga. Daga nan ido ke hawa sannu-sannu, ya ratsa masana'antu da fegi da hanyoyi, launi na raguwa a kowane mataki, har komai ya narke cikin farin hazo a can nesa. Bututun hayaƙi da hasumiyoyin majami'u su ne tsayayyun layuka, rufin gidaje da gadoji kuma su ne kwantattu. Idan aka ja da baya aka dubi zanen gaba ɗaya, tsarin ya yi kama da na zaren tsaye da na kwance a kan masaƙa. Ba a ɓata lokaci wajen ƙawata ko wane gini ba. Masana'anta akwati ce mai tagogi, gida kuma 'yan layuka ne da jan fenti.

Abu na uku shi ne farin. Wanda bai san garin ba zai zaci dusar ƙanƙara ce ko hasken safiya. Iska ce da hayaƙin kwal ya cika, irin wadda ta jawo wa mazauna ciwon ƙirji, har majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar tsabtace iska a 1956, shekara guda bayan kammala zanen. Lowry ya mayar da ƙazantar sama ta zama hasken zanensa, bai kuma ɓoye cewa ƙazanta ba ce.

Abu na huɗu shi ne girman mutane idan aka gwada da na gine-gine. Ƙanana ne ƙwarai, ba a ganin fuskokinsu, kowa ya nufi gabansa. Wasu masana na ganin tausayi a nan, wasu na ganin sanyin zuciyar mutumin da ya saba kallon talaka daga bakin ƙofa da littafin bashi a hannu. Lowry bai shiga jam'iyya da zanensa ba, bai kuma yi wa'azi da shi ba. Abin da ya nuna shi ne taron jama'a da kowane ɗaya a cikinsu yake shi kaɗai, halin da shi kansa ya fi kowa sani.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne lokacin da aka yi zanen. A 1955 duniyar da ke cikinsa ta riga ta kama hanyar gushewa. Tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Indiya da Japan suka fara ƙwace kasuwar yadi. Ƙauracewa kayan Ingila da Mahatma Gandhi ya jagoranta ta girgiza Lancashire, har ya ziyarci ma'aikatan masaƙa a garin Darwen a 1931. Zuwa 1958 Birtaniya na shigo da yadin auduga fiye da wanda take fitarwa, a 1959 kuma aka yi dokar da ta biya masu masaƙu diyya don su farfasa tsoffin injunansu. Hukumomi na rushe tsoffin unguwannin ma'aikata suna gina dogayen benaye. Lowry ya ci gaba da sanya wa mutanensa tufafin shekarun 1920, domin garin da yake zanawa na cikin tunaninsa ne. Saboda haka zanen da ake gani kamar bikin ƙarfin masana'antu, a haƙiƙa ban kwana ne.

Zaren da ya haɗa Lancashire da Arewa

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa ta shahara da kaɗi da saƙa da rini. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, wasu Turawan da suka biyo bayansa kuma suka riƙa kwatanta birnin da Manchester. A 1902 masu masaƙun Lancashire suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wadda aka fi sani da BCGA, da hedikwata a Manchester, kuma Arewacin Najeriya na cikin wuraren da suka fi sa wa rai. Fatan samun auduga na daga cikin dalilan shimfiɗa layin dogon da ya iso Kano a 1911. Manoman Kano sun ba su mamaki, domin gyaɗa suka runguma saboda ta fi riba, amma auduga ta kafu a ƙasashen Zazzau da Katsina da Gusau, inda aka gina injunan gurza a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa.

A gabas ma, ƙasar Katagum, wadda hedikwatarta ta koma Azare a 1916, ta daɗe tana noma auduga da gyaɗa tare da gero da dawa. Manomin da ya kai buhunsa kan sikeli a Azare a wancan zamani, sannan ya sayi akoko ko alawayyo na Ingila a kasuwa, yana riƙe ne da bakin zaren da ɗaya bakin ke hannun mutanen da Lowry ke zanawa, ko da yake babu wanda ya san wani a cikinsu.

Shekara biyu bayan zanen 1955, a 1957, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, da kamfanin David Whitehead and Sons na Lancashire. Wato a daidai lokacin da masaƙa ke mutuwa a can, a nan haihuwarta ake yi. Wasu masaƙun suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau, dubban ma'aikata suka riƙa tururuwa a ƙofofinsu safe da yamma, abin da duk wanda ya ga zanen Lowry zai gane nan take. Daga baya tsadar wuta da man injin, da tsufan na'urori, da kwararowar yadi mai araha daga waje suka durƙusar da su. Kaduna Textiles ta rufe a 2002. Dalar gyaɗar Kano kuwa tun kafin nan ta koma sai a tsoffin hotuna.

Shahara da kaɗaici

Bayan ritaya suna ya zo wa Lowry ta ko'ina. A 1953 an sa shi cikin masu zana bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A wannan shekara zanensa Going to the Match, wanda ke nuna 'yan kallo suna kwarara zuwa filin ƙungiyar Bolton Wanderers da masana'antu a bayansu, ya sami kyauta a gasar da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta shirya. Shi kansa mai goyon bayan Manchester City ne. A 1962 ya zama cikakken mamba na Royal Academy, babbar majalisar masu zane ta ƙasar, a 1965 birnin Salford ya karrama shi, a 1967 kuma aka buga ɗaya daga cikin zanensa a kan sarki na gidan waya.

Lambobin girma na gwamnati kuwa ya ƙi su har sau biyar tsakanin 1955 da 1976, ciki har da muƙamin Sa a 1968. Bayanan da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2012 sun nuna babu wanda ya kai shi yawan ƙin karɓa.

Da masu saye suka fara rububin zanen masana'antu, sai shi kuma ya gaji da su. Ya koma zana teku fayau babu jirgi babu mutum, da tsaunuka marasa kowa, da ɗaiɗaikun mutane masu ban tausayi ko ban dariya a kan farin fage. Ya riƙa zuwa gaɓar teku a Sunderland, ya kuma zana garuruwan kwal na kudancin Wales. Bai taɓa aure ba, bai bar ɗa ba. Ya taimaka wa matasan masu zane da dama ta hanyar sayen ayyukansu da ƙarfafa musu gwiwa. Ya rasu sakamakon ciwon huhu a wani asibiti a Glossop ranar 23 ga Fabrairu, 1976, yana da shekara 88, aka binne shi kusa da iyayensa a Manchester. Bayan 'yan watanni Royal Academy ta buɗe baje kolin ayyukansa, jama'a suka yi dafifin da ba a taɓa gani ba ga wani mai zanen Birtaniya na ƙarnin.

Abin da ya bari

Ya bar zanen fenti kusan 1,000 da na fensir fiye da 8,000. A shekarar 2000 aka buɗe wata katafariyar cibiyar fasaha mai ɗauke da sunansa a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Salford, wurin da a da ake sauke kaya daga ƙasashen duniya, ba nisa da filin wasa na Old Trafford. A 2013 gidan Tate ya shirya masa babban baje koli a Landan, bayan an daɗe ana zargin manyan masana da raina shi saboda ɗan arewacin Ingila ne mai zana talakawa. A 2022 cibiyar ta Salford ta sayi Going to the Match a gwanjo kan fam miliyan 7.8, don kada ya faɗa hannun wani attajiri ya ɓace wa jama'a.

Har yanzu ana muhawara a kansa. Wasu na cewa ya maimaita kansa da yawa, ya kuma rage ma'aikata zuwa tsinke marasa fuska. Wasu na amsawa da cewa babu wani mai zane a Ingila da ya dubi garin masana'anta da irin wannan naci, kuma jikokin ma'aikatan ne suka fi kowa son aikinsa, saboda a ciki suke ganin titunan da aka rushe da kakannin da ba a ɗauki hotonsu ba.

Arewacin Najeriya ba ta rasa masu hannu ba. Sashen koyon zane na Zariya, wanda ya zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shi ya yaye Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda ƙungiyarsu ta ɗalibai ta 1958 ta sauya alƙiblar zane a ƙasar nan, kuma yana ci gaba da yaye wasu. Gine-ginen Kakuri da Bompai da Sharaɗa da tsoffin injunan gurza na garuruwan auduga da yawansu na nan tsaye, kuma tsoffin ma'aikatan da suka san yadda ƙofofinsu ke cika da asuba suna raye. Masaƙar Acme da ta tsayar da Lowry a 1916 an rushe ta a 1984, shekara takwas bayan rasuwarsa. Wanda ke son ganin yadda take a lokacin da take aiki, da yadda ma'aikatanta ke fitowa da yamma, sai ya nemi zanen mai karɓar haya.